Geron da Inna Ba Ta Ci

A ƙauyenmu, arewa da Bici, akwai wani gajeren gero da yake nuna da wuri, tun sauran gonaki ba su gama fid da kai ba. Tsofaffi suna ce masa geron mai yawo. Yaran yanzu sun ɗauka sunansa ke nan tun fil azal, ba su san mai yawon mutum ce ba, balle su san ita ta haife ni. An yi shekara da shekaru ana cin geron nan a kowane gida, ban da bakin wadda ta kawo shi. Dalilin da ya sa ba ta cinsa, shi nake so in faɗa, don da hannuna a ciki.

Inna doguwa ce, siririya, mai faso a dunduniya rani da damina. Mahaifinta falken kanwa ne, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya riƙa tafiya da ita a bayan jakuna har ta isa aure. Kafin ta san yadda ake tuƙa tuwo ta riga ta kwana a zango ya fi a ƙirga, ta ga raƙuma suna shan ruwa a rijiyar da ba a hangen ƙasanta, ta hau Dala ta leƙa birni. Sai aka ɗauko wannan yarinya aka kawo ta gidan Baba, mutumin da in ya je kasuwar Bici ya dawo sai ya kwana biyu yana ba da labarin gajiya.

A wurinmu mace ba ta fita sai da dalili, ko biki, ko suna, ko gaisuwar mutuwa. Inna kuwa ba ta taɓa rasa dalili ba. In aka haihu a Zakirai, kafin la'asar ta gano ashe kakar mai jegon ɗiyar ƙanwar kakarta ce, rashin zuwa yanke zumunci ne. In aka yi rasuwa a wajen Bagwai, sai ta tuna mamacin ya taɓa ba mahaifinta ruwa. Baba ba ya hana ta, sai dai tsiya. Yakan ce ranar da ta mutu sai an ɗaure ƙafafun nan da kyau, kada a je maƙabarta washegari a tarar ta wuce gari na gaba. Ita kuma tana ɗaura ɗankwali za ta ce, "Na zaune bai ga gari ba, Malam."

Ba ta dawowa da tsarabar kirki irin ta mata. Iri take kawowa, ƙulle a haɓar zane: kuɓewar da ta ga ta fi tamu tsawo, wake mai jan ido, yakuwar da aka ce ba ta tsami sosai. Bayan ɗakinta ya zama gonar gwaji. Wasu su yi, wasu su ba ta kunya. Akwai shekarar da ta yi wata uku tana ban ruwa ga wani abu da aka ce mata kabewa ce mai zaƙi, ya fito wani ɗan duma mai ɗaci wanda ko akuya ta shinshina sai ta ja da baya. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta taya shi.

Ni ce 'yar farinta, kuma kowa ya san abin da wannan yake nufi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uwa, ban dawo gidanmu ba sai da ta rasu, ina shekara tara. Na dawo na tarar da matar da ta haife ni ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari a ko'ina akwai ta, amma dangin Inna suna da jinin Fulani, tasu ta fi ta kowa tsanani. In tana so in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan kuwa ta bushe." In tana so in yi daka sai ta ce turmi ya gaji da hutu. Ni kuma in tashi. Na yi ta jin haushi a raina, ina cewa wannan mata tana hira da kowane baƙon da ta gamu da shi a hanya, har ta san sunan jakinsa, amma ni sai ta randa.

Sai dai ba zan ce ban ga ƙauna ba. Nakan buɗe ƙwaryata in tarar da ƙanzon da ya fi kauri, ba wanda ya ce ga wanda ya ajiye. Na taɓa yin zazzaɓi na kwana huɗu, ta ɗauko kaɗinta ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tun safe har rana ta faɗi, wai nan ne inuwa ta fi kyau. Babu wata inuwa a wurin.

Tsakanina da autarmu an yi uku, duk sun koma tun suna goye. Shi ya sa da Auta ta zo ta zauna, Inna ta ɗauki son duniya ta ɗora mata, kuma ita ba kunya a tsakaninsu. Da ta fara magana sai muka samu 'yar aike. Inna za ta ce, "Auta, gaya wa yayarki miyar jiya ta yi gishiri," ina zaune taku uku daga wurin. Auta ta taso da ɗan tumbinta ta tsaya a gabana ta maimaita, ba ragi ba ƙari. Ni ma in ce ta gaya wa Inna daddawa ce ta ƙare. Ta haka muka fara hira da uwata, har da raha, har wani lokacin in ga kafaɗarta tana rawa ta juya baya tana dariya.

Ina shekara goma sha biyu, Auta tana uku, shekarun wahala suka kai maƙura. Ruwa ya yaudare mu damina biyu a jere. Ya sauka da wuri, a yi shuka, a yi noman firi, gero ya tashi gwanin sha'awa, yana fara fid da kai sai sama ta ɗauke. Mu yi ta kallon hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Aka fita roƙon ruwa har sau uku. Gona ta bushe a tsaye, abin da aka girbe ba ya cika mangala. A wurinmu gonaki ƙanana ne, gida kusa da gida, ba dajin da za a shiga a nemi wani abu, ganyen da ka hango wani ya riga ka. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka gudu. Baba ya bi sauran maza cin rani zuwa kudu, ya ce sai ruwan fari. Ya bar mu a hannun wansa, Baffa, wanda danga ɗaya ce tsakaninmu, shi ma da baki tara a gidansa.

A nan Inna ta kawo maganar da ta sa aka yi mata dariya. Ta ce laifin ba na ruwa kaɗai ba ne, geronmu ne mai nawa, ya saba da doguwar damina, ita kuma damina ta gajarce. Ta ce tana yarinya, a zangon mahaifinta can arewa, ta ga mutanen da ruwansu bai kai rabin namu ba, kuma suna da geron da yake nuna kafin ruwan ya ɗauke. Baffa ya ce in da akwai irin wannan gero da maza sun riga ta sani. Ba ta yi musu da shi ba. Ta sauke sauran tasoshin jerenta da suka rage, ta ƙulle a tsumma, ta goya Auta, ta ce wa danga za ta je gaisuwa.

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ta wuce Ɗambatta, ta wuce Kazaure, ta yi ta tambaya ƙauye ƙauye, har ta samu wani tsoho da ya yarda ya karɓi tasoshin ya ba ta tiya biyu. Ta dawo fason ƙafarta yana jini, amma fuskarta kamar wadda ta dawo daga Makka. Ta rufe ƙofa, ta zazzage geron a faifai. Ƙwayarsa ƙanana ce, mai ɗan duhu, ba abin da za ka kalla sau biyu. Ta tankaɗe toka ta cakuɗa da shi saboda ƙwari, ta ɗura a tulu, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin, ta danna tafin hannunta a kai. Da ya bushe muka tura shi bayan gado aka rufa masa tsohuwar tabarma. Ta gaya wa Auta cewa ba wanda zai ji labarin tulun nan, ko Baffa, domin in ya ji dole ya ce a raba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Wanda bai tashi a gidan manoma ba ba zai gane nauyin kalmar iri ba. Tun kana rarrafe ake koya maka cewa akwai hatsin ci, akwai iri, kuma ba su haɗu ba. Yaron da ya saci ƙuli a yi masa faɗa, wanda ya taɓa zangarniyar iri da ke rataye a rufin ɗaki kuwa sai ya sha bulala. Kakata takan ce wanda ya ci iri ya ci baɗi. A shekarar nan gidaje da yawa sun ci nasu, kuma ko da yake kowa ya san dalili, in ana maganarsu sai a rage murya.

Bazara ta shigo da zafinta, abincinmu ya kusa ƙarewa. Inna ta ji a bakin wani direba cewa kudu da birni, inda aka tare ruwa, ana yankan alkama, kuma ana barin mata su yi kala a bayan masu yanka. Ba ta taɓa zuwa can ba, wannan kuwa bai taɓa hana ta zuwa ko'ina ba. Matsalar ita ce Auta. Tafiyar arewa ta ramar da ita, ga rana, ga bayan babbar mota. Karo na farko ke nan tun haihuwar Auta da Inna za ta yi tafiya ba goyo.

Ta auna mana dawa tiya ɗaya da rabi, ta nuna wa bango inda dusa take da busasshiyar tafasa, ta ce kwana bakwai za ta yi. Da safen da za ta tafi ta ɗora Auta a cinya, tana gyara mata kitso, ta ce:

"Auta, ki gaya wa mutanen gidan nan, tulun nan ko sama za ta faɗo ba a taɓa shi. Iri ne. Kin ji ko?"

Auta ta sauko ta zo gabana ta isar da saƙo. Akwai tambaya a bakina, na ji ta har kan harshe: in abincin ya ƙare ba ki dawo ba fa? Amma wannan ba tambayar da za a aiki yarinya 'yar shekara uku da ita ba ce, ni kuma ban taɓa duban Inna na tambaye ta wani abu ba. Ina cikin juya maganar ta ɗauki buhu da gora ta fita. Na bi ta da ido ta saman danga. Da ta kai gindin kukar da ke bakin hanya ta tsaya, ta ɗan jima a tsaye, na ɗauka ƙaya ta taka. Daga nan ta wuce.

Satin farko lafiya lau. Na riƙa jan dawar, kunu da safe, ɗan tuwo da yamma, har ina jin kaina wata babba. Ranar bakwai muka je gindin kuka muka zauna har rana ta yi ja. Ranar tara dawa ta ƙare. Na koma dafa dusa da tafasa, in na samu garin ɗorawa in dama mana. Ni cikina ya karɓa, na Auta ya ƙi. Zawo ya kama ta, duk abin da na ba ta sai ya wuce. Ta daina wasa, ta daina bina rijiya, sai ta kwanta a tabarma tana bina da ido. Abu ɗaya take cewa, "Yaya, koko."

Na je wurin matar Baffa, ta ba ni gero cikin tafin hannu. Na dama, Auta ta sha, ta yi barci, har ta tashi zaune da yamma. Bayan kwana biyu na koma, ta sake ba ni, bai kai na farko ba. Zuwa na uku sai ta ɗauko ƙwaryar geron ta kifa a gabana, ba ko ƙwaya, 'ya'yanta suna zaune jikin bango sun yi zuru. Baffa ya kawo rubutu aka ba Auta ta sha. Ya ce in yi haƙuri, uwarmu tana hanya. Ina tsaye a gabansa, na san akwai tiya biyu ta gero a bayan gadonmu, na ce to.

Kada wani ya ce yarinta ce, ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Na san toka ce kawai a jikinsa, a sheƙe a wanke shi ke nan. Na san ko rabin tiya na ɗiba zai kai mu kwanaki. Amma kullum sai in ce gobe za ta dawo, in na fasa yau ta dawo gobe, da wane ido zan dube ta? Ta sayar da jerenta, ta yi kwana goma sha ɗaya a ƙafa, kuma abu ɗaya tak ta taɓa damƙa mini amana tun da ta haife ni. So nake ta dawo ta ga na iya. Wannan shi ne gaskiyar, kuma ba ta da daɗin faɗa.

Ranar goma sha huɗu da rana tsaka, Auta ta yi wani numfashi da ya tsorata ni. Na fita na ɗauko taɓarya, na janye gado, na yaye tabarmar. Ga shatin hannun Inna a kan lakar, yatsu biyar. Na ɗaga taɓaryar. Sai na ji 'yar murya a bayana, a shaƙe:

"Yaya, Inna ta ce ba a taɓawa."

Aikinta ta yi, saƙon da aka ba ta ta isar. Ni kuma na sauke taɓaryar, kuma Allah ya gani, har da ɗan sauƙi na ji a raina, don an ɗauke mini nauyin yanke shawara. Na mayar da tabarma, na tura gado, na je na dafa mata tafasa.

Ranar goma sha bakwai da hantsi Auta ta rasu a cinyata. Ba ta yi wata wahala ba, ta dai yi shiru. Baffa da maƙwabta biyu suka kai ta, a hannu ɗaya aka ɗauke ta.

Bayan kwana biyu Inna ta dawo da azahar. Ashe zazzaɓi ne ya kayar da ita a can, ta yi kwanaki a bukkar wata mata da ba ta sani ba, da ta tashi kuma ta ƙi dawowa hannu rabbana, ta ƙara kwanaki tana kala. Daga Bici a ƙafa ta taho, da rabin buhun alkama a ka, da mangwaro uku a haɓar zane. Tun daga zaure take cewa ina mutuniyar, a fito a karɓi tsaraba. Matar Baffa ce ta tare ta a tsakar gida ta riƙe mata hannu.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta sauke buhun a hankali, ta tambayi yaushe, aka gaya mata. Ta tambayi me ya same ta, matar Baffa ta ce ciki ne, ga kuma rashin abin da za a ba ta. Sai Inna ta shiga ɗaki, na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta janye gado, ta ɗaga tabarma. Ta daɗe tana kallon tulun, ta sa hannunta a kan shatin hannunta. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, bakinta ya buɗe ya rufe. Sai ta mai da fuska ga bango ta ce, "Ashe ba a fasa ba."

Na ɗauki maganar nan a matsayin hukunci. A kunnena cewa ta yi: ke wace irin mutum ce, ƙanwarki tana mutuwa kina gadin tulu? Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma haka. Mangwaron nan uku suka ruɓe a kan taga ba wanda ya taɓa.

Baba ya dawo da ruwan fari, ya yi kukansa a bayan gida. Ruwan ya makara a shekarar. Da ƙasa ta jiƙa, Inna da kanta ta fasa bakin tulun. Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu biyu muna binsa muna zuba ƙwaya uku uku muna rufewa da dunduniya. Damina ta sake gajarcewa kamar yadda ta faɗa. Geron mutane yana fid da kai ruwa ya ɗauke, namu kuwa ya riga ya yi ƙwaya. Mu muka fara gasa tumu a duk yankin. Baffa ya zo ya tsaya a bakin gona ya cire hula yana sosa kai. Mutane suka yi ta zuwa roƙon iri, har daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, Inna ta riƙa zaɓar manyan zangarniya tana ba kowa, ba ta karɓi ko allura ba. A shekara uku geron ya game gari.

Ita dai ba ta kai shi baki ba. Ta ci dawa, ta ci maiwa, in babu ta sha ruwa ta kwanta. In aka aiko da fura daga maƙwabta sai ta tambayi ɗan aiken wane gero ne, in ya ce na mai yawo ne ta ce a kai wa Malam. Kuma daga ranar ƙafarta ta mutu. Matar da ta san hanyar garuruwa fiye da direbobi, ko kasuwar Bici ta daina zuwa. Baba ya yi ta ƙoƙari, ya shigo ya ce ya ji an haihu a Zakirai, kuma kamar dangi ne. Sai ta ce Allah ya raya, ta ci gaba da kaɗinta. Gonar bayan ɗaki ta koma wurin ɗaure akuya. A ƙarshe Baba ya daina tsiyar ɗaure ƙafa, gidan ya yi shiru. Ni da ita kuma, da babu 'yar aike, muka koma magana ta randa da turmi.

Na yi aure, na koma Bici, na yi karatu da girmana, na haifi nawa. 'Yar farina kuwa tun safe har dare nake rangaɗa mata kira da sunanta, har surukata ta ce ba ni da ta ido. Na ce na ji, a bar ni da rashin kunyata. Ko kasuwa zan je sai na tsayar da ita na dube ta na ce ga abin da za a yi, in kuma abu ya canza ta yi abin da ta ga ya fi, ba zan yi faɗa ba. Yarinyar takan yi mamakin wannan dogon jawabi a kan tafiyar awa ɗaya.

Baba ya riga Inna tafiya da shekaru. Da ciwon ajalinta ya zo na tattara na koma ƙauye jinya. Ta tsufa, ta ƙanƙance, ba abin da yake zama a cikinta sai koko. Ni kuma na san doka, sai in aika kasuwa a nemo mini wani geron dabam, ko in yi mata na dawa. Wata safiya na duba na ga wanda na saya ya ƙare, ba kowa a gidan da zan aika. Na ɗauki mayafi zan fita nema. Sai na ji an kira sunana.

Na waiga tsakar gida ina neman mai kiran. Aka sake kira, daga ɗaki. Muryar Inna ce. Ina da jikoki a lokacin, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na shiga na durƙusa daga nesa. Ta ce in matso, ta kama hannuna.

"Kin daɗe kina ɗauke da kayan da ba naki ba," in ji ta. "Ranar nan na ga bakinki yana motsi, na san abin da za ki tambaya. Da na kai gindin kuka na tsaya, na ce bari in koma in ce miki, in ta kai ta kawo ki fasa. Kunya ta hana ni. Na je inda maza ba su je ba, amma in juyo in tsaya a gabanki ya gagare ni."

Na ce, "Inna, kin ce ashe ba a fasa ba."

Ta ce da kanta take, ba da ni ba. Ta ce duk tsawon hanya daga Bici tana addu'a Allah ya sa na saɓa mata, da ta ga lakar nan lafiya lau sai ta san ta haifi mai riƙon amana, kuma ita ta ba da amanar a karkace. Ta ce ta so ta gaya mini a ranar, bakin ya ƙi, da aka kwana biyu kuma sai abin ya yi nauyi.

Sai na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba, na taɓarya da abin da Auta ta ce. Na gaya mata har sauƙin da na ji. Ta rufe ido, hawaye yana bin gefen kunnenta, ta ce, "'Yar aiken kirki. Ba ta taɓa rage saƙo ba." Muka yi kuka tare, kukan da ya kamata mu yi tun ina shekara goma sha biyu. Na ji daɗi, kuma na ji haushi, don ta bari sai da lokaci ya ƙure.

Da muka natsu ta tambayi ina zan je da mayafi. Na ce neman gero. Ta ce ba ga shi nan a rumbu ba? Na ce na mai yawo ne. Ta ce ta sani, in dama mata.

Na surfa, na wanke, na jiƙa, na niƙa, na tace, na dama. Na kawo mata da ɗumi, na tallafe ta. Ta sha ludayi uku, ta tsaya tana juya shi a baki, ta ce ashe yana da garɗi. Ba ta iya ƙarawa ba. Ni na shanye sauran.

Kwana shida bayan nan ta cika, da la'asar. Tsohuwar da ta yi mata wanka ta ce in tsaya in taimaka, tunda ni kaɗai ce 'yarta. Da aka gama ta yago ɗan ƙyalle daga likkafani ta miƙo mini, ta ce in haɗa manyan yatsun ƙafar in ɗaure. Na riƙe ƙafafun nan, fason duk ya rufe, sun yi laushi saboda daɗewa ba su taka hanya ba. Maganar Baba ta faɗo mini. Na ɗaura ƙyallen, amma ban tsuke ba.